Rediyon da Na Kai wa Malam Ilu

Litinin: Gumel zuwa Gagarawa Tasha

Tun kafin kiran assalatu na ɗaure tabarmata, maiɗakina ta biyo ni soro da ƙullin ƙuliƙuli da gorar ruwa. Lokacin kaka ne, saura 'yan shekaru a sami mulkin kai. A lokacin ni malamin rangadi ne. Aikina in zaga makarantun elementare, in zauna a bayan aji in ga yadda ake koyarwa, in rubuta rahoto.

A wannan karo aiki biyu aka ɗora mini. An aiko da rediyo biyu ta jirgin ƙasa don yara su riƙa sauraron darasin da ake watsowa daga Kaduna, ni zan kai su Maigatari da Sule Tankarkar. Na biyun shi ne ya hana ni sakewa: in duba malaman da ba su da takardar horo, in faɗi wanda zai iya da sabuwar manhaja da wanda za a sallama. A cikin sunayen akwai Malam Ilu na Sule Tankarkar, mutumin da ya fara kama hannuna ya ɗora a kan alli.

Ƙarfe biyar da rabi motar gyaɗa ta tashi, gidan gaba sule biyu. Tafiyar ba ta kai mil ashirin ba, amma sau biyu muna kafewa a yashi, kowa ya sauko ya tura. Ƙarfe tara muka isa. Da aka ce jirgi sai azahar, na leƙa wata makaranta a nan kusa, na tarar ana karanta labarin masunta da teku. Malamin yana ta fama, yaran sun zuba masa ido, don babu wanda ya taɓa ganin ruwan da ya wuce tafki. Na rubuta a littafina cewa a sa rijiya da raƙumi a littafin aji ɗaya, teku ta jira aji huɗu.

Jirgi ya iso ƙarfe ɗaya da kwata. Kowace rediyo da batirinta, batirin ma ya fi ta nauyi. Direbanmu, Ɗanjuma, ya zagaya akwatunan yana dubawa.

"Malam, su ne sababbin malaman da ake faɗa?"

Na ce su ne.

"To, a gaba za su zauna. Malami ba ya hawa kan buhu."

Haka na koma Gumel a takure, gwiwata a jikin ƙofa. Mun shiga gari ana sallar magariba.

Talata da Laraba: Maigatari

Talata ba ranar kasuwa ba ce, don haka babu mota. Na sami wani mutumin Damagaram zai koma gida da raƙuminsa babu kaya, muka ɗaura masa rediyo ɗaya a kan sule ɗaya da sisi, ni kuwa na bi su da keke. Mun tashi ƙarfe shida. Mil goma sha huɗu ne, rabinsu ni na tura keken.

"Mushe, wannan na lakwal ne?" in ji mai raƙumi. Haka suke kiran malami da makaranta a wajensu. Na ce e. Ya ce a can ma ya ji labari, amma nasu Faransanci yake yi.

A bakin gari ɗan doka ya tsayar da mu, ya ce a buɗe. Da ya ga takardar ofis sai ya taya mu mayar da igiya. Na sauka a gidan shugaban makaranta, aka kawo fura mai sanyi, da yamma tuwon gero miyar kuka.

Laraba da safe muka ɗaura wayar eriya a reshen tsamiya, muka jawo ta ta taga. Ƙarfe goma murya ta fito ta yi sallama, ajin duka ya miƙe ya amsa. Tsarin mai sauƙi ne: muryar ta faɗi kalma, ta ce, "Malam, rubuta a allo," ta dakata, malami ya rubuta, yara su maimaita. Komai ya tafi daidai. Bayan azahar na hau keke, na kwana Gumel.

Alhamis: Sule Tankarkar

Jakuna biyu suka ɗauki rediyo ta biyu, muka fita ƙarfe biyar. Mil goma sha ɗaya, hanya duk gonaki, an yanke gero an jingina. Ƙarfe takwas da rabi na hango makarantar, aji biyu, ginin ƙasa. Malam Ilu yana tsaye a ƙofa. Ya rame, gemunsa ya yi fari fat. Na jingine keke na durƙusa.

"Allah gafarta Malam, mun same ku lafiya?"

Ya ɗago ni da hannu biyu, yana duban fuskata ƙuri.

"Haruna. A'a, Malam Haruna zan ce yanzu. Tashi, yara suna kallo."

Na zauna a bayan ajinsa. Lissafi yake koyarwa da ɓawon gyaɗa, kowane yaro da tsibinsa a gabansa. Babu bulala, babu tsawa. Na lura duk wanda zai ba da amsa sai ya miƙe, ya fuskance shi sosai, sannan ya yi magana a hankali. Na ɗauka ladabi ne, har na rubuta yabo a kai.

Ƙarfe goma na kunna rediyo. Muryar ta faɗi kalma, ta ce, "Malam, rubuta a allo." Malam Ilu yana tsaye da alli a hannu, yana yi wa akwatin murmushi. Bai motsa ba. Muryar ta wuce zuwa kalma ta biyu, ta sake dakatawa. Yara suka sunkuyar da kai gaba ɗaya. Sai Malam Sani, malamin ɗaya ajin, wanda bai daɗe da fitowa daga makarantar horon malamai ba, ya shigo kamar mai neman tsumman goge allo. Ya tsaya a gaban tsohon, ya faɗi kalmar da leɓe kawai. Nan take Malam Ilu ya juya ya rubuta ta da kyakkyawan rubutun nan nasa.

A nan na gane. Na rufe littafina, ban ƙara rubuta komai ba har aka tashi.

Bayan azahar muka zauna a gindin darbejiya, ni da shi. Shi ya fara magana.

"Ka gani ko?"

Na gyaɗa kai.

"Tun wani zazzaɓi da na yi, damina uku ke nan. Kunnen hagu ya tafi, na dama saura kaɗan. Mutum in yana magana, bakinsa nake duba. Wannan baƙon da ka kawo ba shi da bakin da zan duba."

Na matso inda zai ga fuskata, na ce, "Malam, ba dole ne in rubuta ba."

Ya girgiza kai.

"Haruna, ban koya maka rubutu don ka yi ƙarya da shi ba. Abin da ka gani shi za ka rubuta."

Da la'asar Malam Sani ya same ni a masauki. Ya ce, "Malam, ni ke da takarda, amma ranar da na fara shiga aji, allo na yi ta yi wa magana, yara suna dambe a bayana. Malam Ilu ne ya ce in juyo in dubi yaro a ido. Kullum sai ya zaunar da ni mun shirya darasin gobe. In aka sallame shi, rediyo za ta faɗa mini kalma, amma ba za ta gaya mini wane yaro ne bai karya kumallo ba."

Sai na tuna takardun da suka zo a cikin akwatin, masu ɗauke da kalmomin kowane darasi tun kafin a watsa shi. Na kwaso su, muka koma wurin Malam Ilu mu biyu. Muka shimfiɗa tabarma, ya bi su layi layi da yatsa har rana ta yi ja. A wurare uku ya tsaya ya ce, "Wannan misalin yaranmu ba su san shi ba," ya kawo nasa.

Juma'a: komawa gida

Da safe muka haɗa azuzuwan biyu. Malam Sani ya zauna kusa da rediyo, duk sa'ad da muryar ta dakata sai ya ɗaga yatsa, Malam Ilu ya rubuta. Ko sau ɗaya bai kuskure ba. Da aka kashe rediyo ya ɗauki kalmomin nan ya zaga da su cikin gari: wannan a bakin rijiya, wannan a maƙera, wannan a gonar baban wane. Yaran har rige-rigen miƙewa suke yi.

Bayan an sauko daga masallaci Malam Ilu ya raka ni har bayan gari, ya sa aka ɗaura mini zabuwa a bayan keke. Bai tambaye ni abin da zan rubuta ba. Na tashi ƙarfe uku, na shiga Gumel ƙarfe biyar da rabi, na tarar da iyali lafiya.

Washegari na rubuta rahoto. Layin farko na ce Malam Ilu ba ya ji sosai, kuma shi kaɗai ba zai iya darasin rediyo ba. Sannan na faɗi sauran abin da na gani, na ba da shawara a bar shi tare da Malam Sani, kuma duk sabon malami a haɗa shi da tsohon hannu shekara guda. Baturen da ke duba rahotanninmu ya karanta, ya ce, "An ce malaminka ne." Na ce shi ya sa na fara da abin da zai iya kayar da shi.

Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni, na gode wa Ɗanjuma da mai raƙumi da duk wanda ya ba ni ruwa a hanya. Bayan mako shida amsa ta zo: Malam Ilu zai ci gaba da aiki. Na rubuta masa wasiƙa a gurguje. Da ranar kasuwa ta zagayo, wani mai jaki ya kawo mini ambulan. Wasiƙata ce aka dawo mini da ita. A ƙasa ya rubuta, "Alhamdu lillahi, Allah ya yi maka albarka." A sama kuwa ya sa jan fensir ya zagaye kalma biyu da na rubuta ba daidai ba, ya ce in sake rubuta kowace sau biyar.

Na zauna a soro na rubuta.