Kansilar da Ba Ta Tsaya Zaɓe Ba

Baraka 'yar Malam Hamidu mai awon albasa ce a kasuwar Illela, ƙawata tun muna tallan gyaɗa. Duk wahalar karatun da ta sha, saboda mutum ɗaya ta sha ta: ƙanenta Sufyanu, ɗan kabu-kabu. Yaro mai kunya, amma abokai suka koya masa shan ƙwayar tiramol, wai don kada ya ji gajiyar jigila zuwa bakin iyaka. Kafin a ankara ya rame, ido ya yi ja.

Sai ta ji a rediyo akwai masu sana'ar ba 'yan shaye-shaye shawara, har da takardar shaida. Shi ke nan, Baraka ta ɗaura ɗamara. Ta je gaban mahaifinta ta faɗi sunan aikin da Turancinta na sakandare.

Malam Hamidu ya ajiye buta. "Mi kika cewa? Kansila? Ɗiya mace?"

Jama'a, laifin Turawa ne, su da suka ba mai ba da shawara da kansilan siyasa suna kusan ɗaya! Kafin la'asar labari ya kai har garin Araba. Mata suka fara sallama gidan, wannan tana son rijiya, waccan buhun taki. Kansilan gaskiya ma ya aiko a tambaya a asirce wace jam'iyya ta tsayar da ita. Ni kuwa na yi dariya har cikina ya ƙulle. Da ƙyar aka fahimtar da tsoho cewa ba ƙuri'a take nema ba, makaranta ce. Ya ce, "To in babu kamfen, ki tai."

Kada ku ɗauka abin wasa ne. Da farko sai da ta sake jarrabawar Turanci, don a can ta faɗi. Ta tafi Sakkwato ta yi difloma kan jin daɗin jama'a. Muka ce ta gama, ta ce ina, tukuna. Ta shiga wani kwas na musamman kan ƙwayoyi da yadda suke kama ƙwaƙwalwa. Daga nan aikin gwaji a asibiti, wata babba na zaune tana duba yadda take magana da marasa lafiya. Baraka da bakinta kamar reza, aka ce ta koyi yin shiru! Wallahi wannan ya fi mata Turancin wuya.

Ana gab da jarrabawar ƙarshe ta kira ni tana kuka. An koya musu cewa mai wannan aiki ba ya zaman ba da shawara da ɗan'uwansa na jini, don zuciya ba za ta bar shi ya saurara ba.

"Safiyya, duk don shi na yi," in ji ta.

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ce wane irin ilmi ne wannan, ka gina rijiya a hana gidanku sha? Ta share hawaye, ta ce gaskiya suka faɗa, ita da ta ga Sufyanu faɗa kawai ke zo mata.

Ta ci jarrabawa, ta dawo da takardarta, aka ba su ɗaki a wani ƙaramin asibiti ita da abokin aikinta Muhyiddeen. A gida kuwa ta daina wa'azi. Sufyanu ya shigo a birkice, ta zuba masa tuwo. Ya yi magana, ta saurara. Abin da ta roƙe shi kawai, ya riƙa kai ta aiki a babur.

Haka suka yi ta yi, ya sauke ta ya juya. Wata safiya ina wurin, na kawo ɗana rigakafi, sai na ga bai juya ba. Ya kashe babur, yana ta murza makulli a hannu.

"Yaya, wanga Muhyiddeen, shina ciki?"

"Shina ciki."

Ya cire takalmi ya shiga. Baraka ta ja masa ƙofa da hannunta, ta zo ta zauna kusa da ni a benci, cikin masu jiran layi, ta damƙe hannuna har sai da na ji zafi.