Gaisuwar Malam Sadi

Malam Sadi mutumin Morai ne, kuma duk wanda ya san shi da gaisuwa zai fara ba ka labarinsa. Shekara talatin da biyu yana koyar da lissafi a sakandare, ya zauna Bakura, ya zauna Kaya, kuma a ko'ina an san daga ƙofar makaranta zuwa aji sai ya ci rubu'in sa'a. Zai tsaya wurin maigadi ya tambayi gida, ya tambayi gero, ya tambayi ƙafar da ta yi ciwo bara. Ba tambayar fatar baki ba ce kuwa, tsayawa yake yi sai ya ji amsa.

Da ya yi ritaya, wata kwalejin horon malamai a Talata Mafara ta ɗauko shi don karatun da ake yi ta waya. Ɗaliban malaman firamare ne na ƙauyuka, waɗanda ba su iya barin ajinsu su zo gari. Ni, Nazifa, aikina in naɗi muryarsa in ɗora a shafin kwalejin.

Ranar farko na danna na'ura, Malam ya gyara hula ya yi sallama. Ya gaida mutanen Faru, ya gaida na Kaya, ya tambayi gajiya, iyali, ruwa, dabbobi, yana ɗan dakatawa bayan kowace tambaya kamar akwai mai amsawa. Minti shida cif kafin ya ambaci lamba. Na ce a rage.

"Ɗiyata," in ji shi, "muryar ga gidajen mutane taka shiga. Ni ban taɓa shiga gidan mutum in hau magana awa wanda anka biyo ba."

Na so in yi gardama, don ni ba ni da haƙuri, amma a shekaru ya haife ni. Haka muka naɗi darasi goma sha ɗaya, ina ƙunƙuni a raina.

Wata Talata, ranar kasuwa, wata mace ta yi sallama a ɗakin da muke aiki. Ta ce sunanta Taibatu, tana koyar da aji uku a firamaren Faru. Na san sunan, don ta faɗi gwajin farko. Saura mako uku babbar jarrabawa, in ta sake faɗuwa za a cire ta daga shirin, kuma in ba takardar kammalawa, ajin nata ma sai ta bar shi.

Ta durƙusa ta gaida Malam. Abin da ya ba ni mamaki, gaisuwarsa ce take mayar masa, kalma bayan kalma, har inda yake dakatawa. Malam ya washe baki, ya dube ni, wato in gani. Sannan ya tambaye ta yadda za ta koya wa yara rabawa. Ta sunkuyar da kai.

"Malam, ban kai nan ba."

"Wane darasi kika ciki?"

"Dut na buɗe su. Wayar ta maigida ce. Sabis kau babu shi sai bakin wata tsamiya, kusa ga gonatai ta albasa. In munka tahi da sahe shi ba ni in saurara kahin shi wuce Maradun da babur. Muryar ta taho ta tsaya, ta taho ta tsaya. In ka ƙare gaisuwa kac ce yau za mu duba kaza, sai shi miƙo hannu. In na koma gobe, ta sake ɗaukowa daga hwarko."

Ba ƙara ta kawo ba, da ladabi ta faɗa. Na zaci zan ji daɗi tunda maganata ta fito, amma tausayinsa ne ya kama ni. Ya cire tabarau ya daɗe yana gogewa da bakin riga.

Washegari ya riga ni zuwa. Muka sake darussan duka, kowanne minti uku, ƙanana yadda za su sauka a waya lokaci ɗaya ta saurara ko a gida. Sallama kawai yake yi, sai lissafi. Ba sauƙi ya yi masa ba. Sau da yawa zai yi sallama, bakinsa ya kama hanyar "ina gajiya", sai ya runtse ido ya ce in goge mu sake. Ya riƙa gwada kowane darasi da agogonsa, yana cewa, "Wanga ya isa kahin mai babur shi miƙo hannu?" Ya daina misali da lemu, ya koma raba buhun albasa tsakanin mata huɗu.

Duk da haka bai saki jiki ba. Yakan ce ya ji kamar ya wuce mutane a hanya bai kula su ba.

Ranar da sakamako ya fito, Taibatu ta ci. Da hantsi saƙon murya ya shigo wayar ofis, ana jin iska da kukan tumaki a bayanta. Na kunna masa.

"Salamu alaikum Malam. An tashi lahiya? Ina gajiya? Ina iyali? Maigida ya ce yau in yi magana har in gaji, shina jira. Malam, sati ukku ba ka tambaye mu gida ba. Na ce bari in hwaɗa maka, dut lahiya muke. Albasa ma ta yi."

Malam Sadi ya miƙe tsaye, ya gyara hula. Duk tambayar da ta yi sai ya amsa, "Lahiya lau, lahiya lau, madalla." Saƙon minti bakwai ne, kuma ban ce a rage ba.