Ajin Kwano da Bazara

A shekarun farko bayan samun 'yancin kai aka tura ni koyarwa wata firamare kusa da Gubuchi, ina saurayi, ban daɗe da gama makarantar horon malamai ba. A shekarar ce aka yaye wa ajinmu jinka aka buga masa kwano, ba silin. Aka ce ci gaba ne. Mu ma da farko murna muka yi, har mutanen gari na zuwa kallo.

Da bazara ta kankama muka san abin da aka yi mana. Tun hantsi kwanon ke fara ƙara, ƙas-ƙas, zafi na saukowa bisa kai kamar an kife mutum da tanda. Iska ta tsaya cak. Alli ya jiƙe a hannuna, riga ta manne a baya. Yara su daina surutu, idanu jajaye, leɓe a bushe, wuya duk ƙurajen zafi. Kusan kullum sai wani ya yi haɓo. Randa ɗaya gare mu, manyan 'yan matan ajin ke cika ta daga rijiyar fadama, don ta cikin gari ta ƙafe.

Da na ga abin ya yi yawa, sai na kwashe su zuwa gindin wata tsamiya a bayan makaranta. Nan muke karatu wata rana sai ga mota ta tsaya, mai duba makarantu ya fito. Daga Zariya yake, ɗan ƙasa ne kamarmu. Na rusuna na gaishe shi, ya amsa a gajarce.

"Malam, an gina muku aji, kun dawo gindin itace? Wa ya ba ka izini?"

"Ranka ya daɗe, zafi ne. Yaran ba sa iya zama ciki."

Ya yi mini bayani a hankali, kamar ni ne ɗan aji ɗaya. Wai zafin da hukuma ta sani shi ne wanda ya zarce na kullum, ya kuma jera kwanaki a haka. Akwai ma'aunin zafi a birni, cikin akwati a inuwa, shi ake dubawa. "Wannan kuwa bazara ce kawai," in ji shi. "Kowace shekara haka take. Kun saba."

"Ranka ya daɗe, da jinka muka saba, ba da kwano ba. Ko za ka shiga ka ɗan zauna?"

Bai shiga ba. Daga bakin ƙofa ya leƙa, ya ce a mayar da yara yanzu. Muna shiga na hango direbansa ya buɗe gaban mota, yana kamfatar ruwan randarmu yana ɗura wa lagireto, wai injin ya ɗau zafi. Ruwan da yara suka ɗauko a ka tun daga fadama! Mota an yarda ta ji zafi, 'ya'yan mutane ba a yarda ba. Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

Ko ƙurar motar ba ta kwanta ba wata yarinya a bencin gaba ta sulale ƙasa. Jikinta zafi rau, ba ko ɗigon gumi. Muka kai ta inuwa, muka kalato ɗan guntun ruwan da ya rage muka shafa mata, muna fifita da kwali, har Allah ya sa ta buɗe ido.

Da la'asar mahaifinta ya zo, manomin rake ne mai sanyin magana. Ya ce, "Malam, ba laifinka ba ne. Amma 'yata ba za ta koma ɗakin nan ba sai ruwa ya sauka." Washegari rabin ajin bai zo ba, ni kuma na mayar da sauran gindin tsamiya.

Kafin damina aka ce ba na bin umarni, aka canza mini wurin aiki zuwa Malikanchi. Yarinyar ba ta sake komawa makaranta ba, alhali duk ajin ba wanda ya kai ta lissafi.