Zanen Mama Mai Ƙosai

Ina aji biyu a sashen zane na jami'a, ina haya a Samaru, malaminmu ya ce kowa ya zano fuskar mutum guda. Ni da ko gaisuwa sai na shirya ta a zuci, wa zan tunkara? Sai na riƙa zuwa Sabon Gari duk Lahadi, in zauna a bencin wata mai ƙosai kusa da coci, in ɓoye takarda cikin littafi ina zana ta.

Ashe tun ranar farko ta gane.

"Ɗan jami'a, in za ka sace min fuska, ka rage hancin nan," in ji ta. "Kuma ka ƙirga tsagen da kyau."

Na ƙirga. Bakwai a kuncin dama. A hagu shida ne da rabi, domin na ƙarshen bai kai ƙasa ba.

Lahadi ta huɗu da hantsi, wasu mutum biyu a kan babur suka jefa wani abu cikin masu fitowa daga sujada. Ƙarar fashewarsa ta wurgar da ni bayan benci. Da na ɗago, kasko ya kife, mai yana malala a ƙasa. Mama ba ta tashi ba.

Wata biyu ban taɓa fensir ba. Sai na ji wajen mai shayin layin cewa 'ya'yanta ba su da hotonta ko ɗaya, ba ta taɓa yarda an ɗauke ta ba. Nawa kuma rabin fuska ne. Kwana tara na yi ina ƙarasa shi, ina gogewa ina sakewa.

Na sami babbar 'yarta a gidansu a Jushi.

"Sannu da haƙuri, Anti. Zanen Mama na kawo."

"Zanenta? Ai duk mun raba wa dangi, ƙanena. Wa ya ba ka?"

"Ba na ɗaurawa ba."

Na warware takardar. Ta bi kuncin hagu da yatsa.

"Shida da rabi. Ko Baba bakwai yake cewa." Ta share ido, dariya ta ƙwace mata. "Amma hancin nan, ka yi mata ragi."

"Ita ta sa ni."

Malaminmu bai taɓa ganin aikin ba, na faɗi darasin. Har yau fuskoki nake zanawa, kuma ba na fara sa wa zane inuwa sai na gama ƙirga.