Tsohuwar da ta bar min sunanta

Na manta abubuwa da yawa na yarintata, wasu da gangan. Wannan kam ko na so ba zai fita daga kaina ba.

A Madina aka haife ni, a ɗaki guda a unguwar Anbariyya. Uwata ta rasu ina shekara biyar. Ubana an kama shi ba iƙama, wato takardar izinin zama, aka mayar da shi ƙasarsu, ban sake ganinsa ba. Kakata ta riƙe ni, Sitti nake ce mata. Wankan gawar mata take yi, ni ke riƙe mata buta da kafur. Ba ni da takarda, don haka ban ga ƙofar makaranta ba. Dokar gidanmu ɗaya ce: kar ki faɗi sunanki, kar ki tambayi na kowa. Kowace mace Hajiya ce, shi ke nan.

Ina shekara goma sha ɗaya, wata Laraba tsakanin azahar da la'asar, rana ta kori kowa daga titi, Sitti ba ta nan, aka ƙwanƙwasa. Tsohuwa ce doguwa, da tsaga uku-uku a kumatu, ba takalmi. Kwalta a lokacin tana gasa ƙafa, ita ko a jikinta. Na kawo mata ruwa. Ta riƙe kofin, ba ta sha ba.

"'Yar nan, kin iya rubutu?"

"A'a."

"To riƙe da ka."

Ta faɗi sunanta, da na ubanta, da ƙauyensu a ƙasar Damagaram, da sunan 'yar da ta baro a hannun dangi. Ta sa na maimaita sau uku. Da ta miƙo kofin yatsunta suka taɓa nawa, sanyi kamar ƙanƙara. Ta tafi, ta bar ƙamshin kafur a bakin ƙofa.

Washegari aka kira Sitti wanka. "Majhula ce," suka ce, wato ba a san ko wace ce ba. Ta faɗi ta rasu a titi ranar Litinin, tun ranar tana firjin asibiti. Ba wanda ya je ya ce tasa ce, don wanda ya je sai an tambaye shi takardarsa.

Sitti ta yaye mayafin. Tsaga uku-uku.

Buta ta kuɓuce min. "Sitti, na san..."

Ta mintsine ni a cinya. "Uskuti, rufe baki! Ba ki san kowa ba. So kike 'yan sanda su biyo mu gida?"

Na ɗauki butar, muka yi wankan. Aka binne ta ba suna. Ban ga laifin Sitti ba, tsoro ne ya raine mu duka.

Daga ranar ni kaɗai ce a duniya na san inda matar nan ta ƙare. In na manta, ta ɓata har abada. Kullum da safe sai na maimaita sunayen. Lokacin Hajji ina sayar da kunu a ƙofar masaukin alhazai, ina tambayar duk wanda ya tsaya: "Daga ina? Ka san ƙauye kaza?" Shekara takwas ina yi.

Wata shekara wani ɗan rediyo da ya zo da alhazan Nijar ya ji ni. Ya yi dariya. "Ke, kunu kike sayarwa ko bincike?" Na gaya masa. Dariyar ta tsaya. Ya kanga min rakoda a baki, ya ce in faɗa.

Da shekara ta zagayo, wata mata mai furfura ta zo tana cigiyar mai kunu. 'Yar tsohuwar ce, ta ji muryata a rediyo. Ta tashi tana zaton uwarta ta yar da ita ne ta manta.

"Ta yi maganata?"

"Sunanki ne na ƙarshe da ta faɗa."

Ta zauna a ƙasa ta yi kuka. Ban gaya mata ranar Laraba ce ba, kwana biyu bayan rasuwar uwar.

Ɗan rediyon ya bar min rakodar. Yau aikina ke nan: ina bin tsofaffinmu daga unguwar Sultana zuwa ta Ranuna, ina ɗaukar muryarsu ina aikawa gida. Sai da na kai talatin na koyi haruffa. Har yanzu ban san wa ya ƙwanƙwasa ƙofar nan ba, na kuma daina tambaya. Abin da na koya ɗaya ne: in mutum ya ba ka sunansa amana ce, ka kai ta tun yana da rai. Shi ya sa tambayata ta farko ba ta canzawa: "Hajiya, ya sunanki na gaskiya?"