Alhaji Laminu, Wanda Gaisuwarsa Ta Tsayar da Tarago Biyu

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ina cikin tasi a unguwar Sedgefield, nan garin Greensboro, ranar Alhamis da la'asar, na sauke fasinja ke nan, sai wayata ta yi ƙara. Bashir ne, babban ɗan Alhaji Laminu. Bai yi sallama ba, bai tambayi gida ba. Ya ce, "Uncle, Baba ya rasu. Muna asibiti." Ya kashe waya. Na gangara gefen titi na kashe mota, na yi ta salati, hawaye na zuba. Abin da ya fara zuwa raina bayan salatin shi ne, da Alhaji ne zai sanar da rasuwar wani, da sai an yi jana'iza an watse shi yana kan tambayar lafiyar yara.

Alhaji Laminu mutumin Damagaram ne, ni kuwa Bakano, don haka tun ranar da muka haɗu a masallacin Juma'a muke tsokanar juna. Ya daɗe yana aiki a wata masaƙa har aka rufe ta, ya koma zaman gida a unguwar Glenwood tare da maiɗakinsa Hajiya Zuwaira da 'ya'yansu. Duk Bahaushen Greensboro ya san shi da gaisuwa. Idan ya sayi katin waya zai kira gida, katin kan ƙare kafin ya zo kan maganar da ta sa shi kiran. Yakan ce, "Wanda bai tambayi kwananka ba, ba kai ya zo gani ba, buƙatarsa ya zo gani."

A bayan gari akwai wasu tsofaffin Turawa 'yan fansho da suka kafa ƙungiya, suka gyara taragu biyu na lantarki, irin waɗanda suka yi jigilar mutane a titunan gari zamanin kakanninsu. Kowace Asabar sukan ɗauki iyaye da yara su ratsa da su cikin itatuwa a dawo, ba albashi, sha'awa ce kawai. Alhaji ya raka 'yar autarsa sau ɗaya, shi ke nan zuciyarsa ta maƙale a can. Na ce masa, "Alhaji, ƙasarku ko taku ɗaya na layin dogo babu, ina kai ina tarago?"

Ya ce, "Bon, Bakano, ku da kuke da shi me kuka tsinana? Awaki ke kwana a kai."

Bai bar ni ba sai da ya ja ni na zama kwandasta.

Layin guda ɗaya ne, sai a tsakiya ya rabu biyu, inda taragun ke wuce juna. Kowane direba yana da oba-obarsa, sannan akwai mutum ɗaya a rumfar tasha mai riƙe da babbar, shi ke ba da izinin tashi. Saboda ciwon baya da Alhaji ke fama da shi, shugaban ƙungiyar, Mista Harold, ya ɗora shi a wannan kujera. Ya koya masa ƙa'ida: ka danna, ka kira lambar tarago, ka faɗi saƙo a taƙaice, ka ce oba, ka saki, wanda aka yi wa magana ya maimaita. Ya nanata masa cewa muddin yatsan mutum ɗaya na kan madanni, ba a jin kowa sai shi. Alhaji ya gyara zaman hula ya ce, "Dakor," wato ya yarda.

Hali zanen dutse. Asabar ta farko ina cikin taragon Walter, wani dattijon direba mai jajayen kunnuwa, sai muka ji oba-oba ta buɗe: "Walter, barka da asuba. Ka kwana lafiya? Yaya madam? Yaya gwiwar tata? Yaran da ke Texas fa, ana jin labarinsu?" Da ya lura Turawan nan karnukansu ma iyali ne, sai ya ƙara su a layi, yana tambaya yana yamutsa fuska. Mista Harold ya yi masa magana a hankali, ya sake yi da ɗan zafi. Alhaji ya same ni ya ce, "Mutum ya ga jikokinsa, a ce in kira shi da lamba kamar ɗan kurkuku? Ni ba haka aka rene ni ba." Na ce masa sauri ake so. Ya ce ai sauri ya haifi nawa.

Ana nan sai wata Asabar, taragonmu ya cika da yara 'yan bikin ranar haihuwa. Ɗaya taragon Mis Dorothy ke tuƙa shi, tsohuwar malamar makaranta. Ya kamata ta shiga layin gefe ta jira mu wuce, amma ƙarfen da ke juya hanya ya cije, taragonta ya tsaya a kan hanyarmu, bayan wata kwana da itatuwa suka rufe. Tana ta danna oba-oba ta ce kada a sake mu, ba hali. Alhaji ya riga ya ba Walter izini, kuma bai ɗaga yatsa ba, domin a makon aka yi wa matar Walter aiki a gwiwa. Muna tafe yana jero addu'a. Muna shan kwanar sai ga tarago a gabanmu, Mis Dorothy na tsaye a kan layi tana kaɗa hula. Walter ya ja birki da hannu biyu. Muka tsaya, tsakaninmu da su ko akuya ba za ta ratsa ba. Yara suka ɗauki tafi, sun zaci cikin wasan ne. Wata ƙaramar yarinya kuwa ta bugi kujera, leɓenta ya fashe. A cikin wannan hali oba-oba ta ƙarasa: "Allah Ya ƙara sauƙi, ka ce ina gaishe ta. Oba."

A ranar Mista Harold ya karɓe oba-oba ya miƙa masa tsintsiya. Alhaji bai yi musu ba. Ya je ya durƙusa gaban uwar yarinyar yana ba ta haƙuri, har matar ta rasa inda za ta sa kanta. Na ɗauko shi a tasi, tun daga tasha har Glenwood bai ce uffan ba, abin da ban taɓa gani ba, har tsoro ya kama ni. Sai da zai fita ya ce, "Bakano, da yarinyar nan ta mutu, me zan gaya wa Allah? In ce ina gaisuwa?"

Na san abin da ke cin sa. Tun da aka rufe masaƙa, kujerar nan ce kaɗai wurin da wani ke jiran maganarsa kafin ya motsa. Yana son ta kamar ransa. Amma ya kira dattijo ba gaisuwa, wannan a wurinsa daidai yake da fita kasuwa ba wando. Ya yi makonni yana sharar taragu, yana gaida tsintsiya don ba wanda ke tsayawa.

Rannan ya sa babbar riga, ya sa Hajiya ta yi dambu, ya ce in kai shi gidan Mista Harold a Irving Park, wani ƙaton gida da mutumin ke zaune a ciki shi kaɗai. Bayan gaisuwar da ta sa dambun ya huce, Alhaji ya kawo shawara. Idan aka mayar masa da kujerarsa, zai bi ƙa'idar oba-oba sau da ƙafa, ba ƙari ko kalma ɗaya. Sharaɗinsa shi ne kowa ya riƙa zuwa da wuri kafin a buɗe tasha, ya gaishe su ɗaya bayan ɗaya, ido da ido, ya sauke nauyin da ke kansa. Mista Harold ya zaci wasa ne. Da ya ga ba alamar dariya, sai ya ce a gwada.

Wanda bai ga wannan layi ba ya yi asarar kallo. Tsofaffin injiniyoyi da malaman makaranta a jere cikin rumfa, kowa da kofin kofi, suna jiran a zo kansu. Walter ya ba da rahoton gwiwa. Mis Dorothy ta ba da na kyanwoyinta, kowace da sunanta. Akwai wani mai saurin cewa komai lafiya, Alhaji ya riƙe hannunsa yana sake tambaya har sai da ya amsa cewa haƙori ya hana shi barci. Kafin a jima duk sun iya cewa "lafiya lau", kowa da irin karyewar harshensa.

A kan oba-oba kuwa aka rasa mai taƙaita magana kamarsa. "Na ɗaya, tashi. Oba." Iyakarta ke nan. Sai ya ɗaga yatsa, ya duba ya tabbatar ya saki, sannan ya ƙarasa shi kaɗai a cikin rumfa: "Allah Ya kiyaye hanya, a gaida mutanen gida." Wata rana na danna na ce, "Alhaji, sannu da aiki." Ya ce, "Bakano, sauka daga layi. Oba." Da muka tashi ya yi mini nasiha, wai oba-oba kamar ƙofar masallaci ce ranar Juma'a, ba a tsayawa hira a bakinta. Ni yake gaya wa. Daga ranar har ya kwanta ciwon ajali, tarago bai sake tashi ba sai hanya a buɗe take.

Asabar da ta biyo bayan jana'iza na tafi tasha da sassafe don in yi musu godiyar zuwa ta'aziyya. Na tarar duk sun zo da wuri, sun yi layinsu a rumfa, kujerar Alhaji na nan ba kowa. Mista Harold ya share gilashinsa ya mayar, ya dube ni ya ce, "Tijjani, ni na karɓe masa oba-oba, kuma ko yau ne zan sake karɓewa. Amma tun da matata ta rasu, daga Asabar zuwa Asabar ba mai tambayata yadda na kwana sai shi." Ya miƙo mini hannu. "Ta ina ake farawa?"

Na kama hannun, na ce, "Mista Harold, ka kwana lafiya?"

Ya buɗe baki zai ce lafiya lau kamar yadda aka koya masa, ya kasa. Ya girgiza kai ya ce, "A'a." Ban saki hannunsa ba. Ranar taragu sun makara wajen tashi, kuma ba wanda ya duba agogo.

Ya Allah, ga bawanka Laminu ya zo gare Ka. Bai taɓa wuce ɗan Adam bai tambayi lafiyarsa ba, Ka sa mala'ikun rahama su tarbe shi da sallama. Ka gafarta masa kurakuransa, Ka yalwata kabarinsa, Ka haskaka shi, Ka sa Aljannar Firdausi ce makomarsa. Ka ba Hajiya Zuwaira da Bashir da ƙannensa haƙurin wannan rashi, Ka zama gatansu a ƙasar da ba dangi kusa. Mu da muka rage, idan tamu ta zo Ka sa mu cika da imani. Amin.