Gwiwar da Ta Gagari Ubale Mai Ɗori

Faɗana da Ubale mai ɗori a kan kaza ne, kuma har gobe ni ke da gaskiya. Wata Laraba a shekarar tamanin da takwas na hau soron gidanmu a unguwar Ruwais ta Jidda in watsa wa kajina tsaki, na tarar babu kazar nan wake-wake mai yi mini ƙwai kullum. Ina saukowa na hango ta a ƙofar ɗakinsa, ƙafa ɗaure da tsinke da tsumma, tana kallona kamar mai kawo ƙara.

"Ubale, wane marar kunya ya karya mini kaza?"

"Yaya Barakatu, ba ɓarna ba ce, aiki ne."

"Aikin gidanku! Duk Ruwais kaji sun ƙare ne?"

"Na kanti daskararru ne, Yaya. Matacciya ba ta tashi ta yi tafiya."

Na wanke shi tas, har matarsa Mariyamu ta fito ta riƙe mini mayafi. Amma sai kun san mutumin za ku gane abin da ya kai shi.

Ubale ɗan Damagaram ne, ɗori kuwa gadonsa ne tun kaka da kakanni. Ya zo aikin Hajji a saba'in da shida, ya ga Jidda ta yi masa, ya zauna. A iƙamarsa, wato takardar zama, kafilin da ya tsaya masa ya rubuta direba, alhali ko keke aka ba shi sai ya kai wa bango ziyara. Ɗan guntun mutum ne, in ya shiga sahu sai ka ɗauka an bar gurbi, amma yatsunsa suna gani fiye da idon wasu. Lebura ya faɗo daga gini yana tsoron asibiti don ba takarda, wurin Ubale. Samari sun targaɗe a ƙwallon unguwa, wurin Ubale. In karaya ta yi tsanani, sai ya bi yadda ya gada: ya karya ƙafar kaza, ya ɗora ta rana ɗaya da mai jinya. Ranar da kaza ta taka, mutum ma zai taka. Kuma bakinsa bai iya shiru ba. Ko ba a tambaye shi ba sai ya ce, "Ni ƙashi bai taɓa ƙi na ba."

Ana nan sai wani baƙo ya fara zuwa masallacin lungunmu. Baƙar fata ne ɗan Amurka, ya musulunta ya ɗauki suna Abdulghani, yana koya wa ma'aikatan wani kamfani motsa jiki. Girmansa kuwa, in zai shiga ƙofa sai ya sunkuya kuma ya karkace. Tafiyarsa kamar babbar mota mai lodi da taya ɗaya ta sace. A ƙarshen sahu yake salla, bisa kujera.

Kwana uku Ubale yana satar kallon ƙafar nan, ran na huɗu ya kasa daurewa. Bayan La'asar ya tare shi da Larabcinsa na kasuwa, shi kuma ya amsa da nasa na makaranta, suka fahimci juna a tsakiya. Ya ja shi gida, ya zaunar da shi a tabarma, ya fara lalube. Yatsu huɗu a karkace. Ƙashin wuya ya taɓa rabewa. Kafaɗa tana ƙara kamar tsohuwar ƙofa. Gwiwar hagu an tsaga ta an ɗinke har sau huɗu.

"Mota ce ta bi ta kanka?"

"A'a, ya ammi," in ji shi, wato baffa da Larabci. "Wasa ne."

"Daga bene ka faɗo?"

"Wasa ne, wallahi. Shekara tara ina yi, sana'ata ce."

Washegari ya kawo kaset ɗin bidiyo, ni da Mariyamu muka leƙa ta bayan labule. Wai ƙwallo! Abu kamar gwanda, ba a ma cika sa mata ƙafa ba. Mutum ya rungume ta kamar jariri ya ruga, ƙatti su bi shi su danne. Kowa da kwano a ka, suna karo kamar ragunan layya. Abdulghani ya nuna wani a cikin tulin, ya ce shi ne.

"Ranar da gwiwar nan ta fara tashi, kwana nawa ka kwanta?" in ji Ubale.

"Lahadi aka buge ni, Lahadi na koma fili."

"Da wace ƙafar?"

"Allura suke yi mana, ciwon ya yi barci har a tashi."

Ubale ya yi salati ya dafe kai. Shi a wurinsa, wanda ya taka karaya kafin kwana arba'in ya yi wa ƙashi rashin kunya. Abdulghani kuwa dariya yake, yana ƙara masa da na kai: in ya ajiye mota ya shiga kanti, sai ya fito ya rasa inda take, hasken rana kuma yana sara masa kai kamar gatari. Ya ce abokan wasansa da yawa ba su kai hamsin ba suke dogara sanda. Sai dariyar ta tsaya. Ya ce duk wannan bai dame shi ba. Abu ɗaya ne: shekara shida da musuluntarsa, goshinsa bai taɓa taɓa ƙasa a salla ba, don gwiwar ba ta lanƙwasuwa.

Da Ubale mai hankali ne da ya ce Allah ya sawwaƙe. Ina! Sai da ya bari an fito Magariba, jama'a cike da ƙofar masallaci, ya ɗaga murya: "Kwana arba'in, halas! Mutumin nan zai yi sujada." Kashegari kazata ta shiga uku. Na ce masa ƙato irin wannan ai sai dai a karya masa raƙumi.

Aka shiga aiki. Man shanu, ruwan zafi, ganyen da aka aiko daga gida, kara da ɗauri. Kullum bayan La'asar Abdulghani yana miƙe a tabarma, Ubale yana murza yana tofi, gumi na zuba. Kwana ashirin da ɗaya kaza ta taka. Kwana talatin ta haye soro da kanta. Gwiwa kuwa tana nan kamar taɓarya.

Lungu ya samu abin yi. Mai shayi in ya hango Ubale sai ya ce, "Malam, kaza ta yi sujada, saura mai ita!" Ubale ya daina salla a masallacinmu, yana zagayawa can bakin titi. Mariyamu ta ce tuwo ma sai ya juya shi ya ture. Don yatsunsa sun riga sun gaya masa gaskiya tun makon farko: ba karaya ba ce balle a ɗora. Guringuntsin da ke tsakani ne ya cinye ƙurmus, ƙashi na gugar ƙashi kamar dutsen niƙa ba hatsi. Yana iya cewa baƙon ya karya doka, ya taka kafin lokaci, kowa kuma zai yarda, don shi ɗan gida ne. Mariyamu ta ce har ya fara jera maganar a bakinsa.

Ran kwana na arba'in ya sa farar riga ya tafi masallacin lungu. Aka idar, ya tsaya daidai inda ya yi alkawari.

"Jama'a, na ce kwana arba'in. Na kasa. Mutumin nan bai saɓa mini ko sau ɗaya ba. Gwiwar ce ta fi ni."

Abdulghani ya dafa shi, har ya kusa nutsar da shi ƙasa. "Ya ammi, likitoci huɗu sun gaya mini haka, ba wanda ya ba ni shayi kamar kai."

Ubale bai yi dariya ba, ƙafar dama yake kallo. "Wannan fa, tana lanƙwasuwa?"

"Tana yi. Sauka ba wuya. Tashin ne, ba abin da zai ɗaga ni."

"Yalla, mu je gida."

A tsakar gida suka gwada. Ƙafar hagu a miƙe ta baya, a sauka kan gwiwar dama, hannu bisa kafaɗar Ubale. Sau biyu suna kifewa, na biyun sai ƙafafun Ubale kawai muke gani suna wutsil-wutsil a ƙarƙashi. Aka tambayi liman, ya ce lalura ce, ba laifi. Ranar Juma'a da Magariba aka kawar da kujera, suka tsaya kafaɗa da ƙugu. Waɗanda ke sahun sun ce da goshin Abdulghani ya taɓa darduma, sai da liman ya jinkirta, don ana jin kukansa har sahun gaba. Wajen tashi kuwa ya danna kafaɗar Ubale, kabbarar Ubale ta fito siririya kamar ta ɗan akuya. Mutum uku suka sake salla saboda dariya.

Shekara uku suna haka, Magariba da Isha'i, har kwangilar Abdulghani ta ƙare ya koma ƙasarsu. Tun daga nan kafaɗar Ubale ta dama ta zauna ƙasa da ta hagu, riga ba ta ƙara zama masa daidai ba.

A dubu biyu da sha ɗaya tsufa ya kama shi, ya ce gida zai koma. Ranar tafiya mota na jira, maƙwabta sun kewaye shi, na ji ya fara ba wasu sababbin zuwa labari, wai akwai wani Ba'amurke da likitoci huɗu suka sallama, shi ya sa shi sujada. Na ratsa mutane da sandata.

"Ubale, in ka isa Damagaram ka faɗe shi yadda yake. Ka ce ka kasa, sai ka ba da kafaɗa. Kada ka je ka ɓata aikin kirki ɗaya da ka yi da ƙarya. Yalla, shiga mota, direban takarda."